Cire matatar hayaƙi da sauya tsarin injin dizal: abin da ya kamata mai mota ya sani

Matatar hayaƙin dizal, wadda a ƙasashen waje ake taƙaita sunanta da DPF, wata na'ura ce da ake ɗaurawa a jikin bututun salansa domin ta tare kunkunniyar da injin ke fitarwa. Da yawa daga cikin motocin dizal na hannu da ake shigowa da su Najeriya daga Turai suna zuwa da ita. Idan ta toshe, shawarar da mai mota ya fi saurin samu a gareji ita ce a cire ta, sannan a sake tsara ƙwaƙwalwar motar.

Yadda matatar ke aiki

Cikin matatar tamkar saƙar zuma yake, da dubban ƙananan ramuka na yumɓun da ke jure zafi. Hayaƙi na ratsa bangon ramukan, ƙwayoyin kunkunniya kuma su maƙale. Lafiyayyar matata na tare fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗannan ƙwayoyi.

Kamfanin Peugeot ya sanya ta a motar fasinja ta kasuwa, samfurin 607, a shekarar 2000. Daga watan Satumba na 2009, ƙa'idar Euro 5 ta Tarayyar Turai ta ƙayyade miligiram 5 na ƙwayoyin hayaƙi a kowace kilomita, abin da ya sa kusan duk sababbin ƙananan motocin dizal suka koma amfani da ita.

Matatar kan wanke kanta ta hanyar ƙone kunkunniyar a zafin da ya kai kimanin digiri 600 a ma'aunin Salshiyos. Idan zafin bai kai ba, ƙwaƙwalwar mota kan ƙara fesa mai domin ta ɗaga shi. Aikin na buƙatar tafiya mai ɗorewa, ba tare da tsaye-tsaye ba.

Abin da ke sa ta toshewa

Dalili na farko shi ne gajeruwar tafiya. Motar da aikinta bai wuce kai-komo daga Damilu zuwa kasuwar Jimeta ko tashar Jambutu ba, cikin cunkoso da yawan tsayawa, da wuya salansarta ta yi zafin da ake buƙata. Duk lokacin da aka kashe injin ana tsakiyar ƙonawa, wani ɓangare na dizal ɗin kan zurara cikin baƙin mai ya tsinka shi.

Na biyu shi ne ingancin mai. An ƙera matatar ne domin dizal mai ƙarancin sinadarin salfa, wato farar wuta. A Turai iyakar ita ce kashi 10 cikin miliyan tun 2009, alhali Najeriya ta daɗe tana amincewa da kashi 3,000. A watan Disamba na 2016, a Abuja, Najeriya da Ghana da Benin da Togo da Kwaddibuwa suka amince su sauko zuwa kashi 50, sannan ministocin ƙungiyar ECOWAS suka tabbatar da wannan ma'auni a Wagadugu a watan Fabrairu na 2020. Gurɓataccen man bumburutu kuwa ba ya bin kowane ma'auni.

Na uku shi ne baƙin mai. Wanda ba na irin waɗannan injuna ba yana barin toka, ita kuwa toka ba ta ƙonewa. Lalatacciyar nozul ko turbo mai yoyo su ma suna cika matatar kafin lokacinta.

Cirewa da sauya tsari

Masu wannan aiki kan yanka gwangwanin matatar, su farfasa abin da ke ciki, su mayar da walda. Da yake akwai na'urorin da ke auna matsin hayaƙi kafin matatar da bayanta, tilas ne a jona kwamfuta a goge umarnin da ya shafe ta, in ba haka ba motar za ta kunna wutar gargaɗi, ta kuma rage gudu.

A wannan zama ne galibi ake sauya sauran lissafin injin: yawan man da ake fesawa, lokacin fesa shi, da matsin iskar turbo. Ƙarfin injin kan ƙaru, to amma nauyin na sauka a kan kuloci da giyabos da turbo, waɗanda aka ƙera daidai da ƙarfin asali. A Yola, inda zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, injin da aka matsa wa ya fi saurin ɗaukar zafi, musamman idan akwai lodi.

Batun tsimin mai shi ya fi jan hankali, tun da litar dizal ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2023. Ana iya samun ɗan sauƙi, sai dai direban da ya ji ƙarin ƙarfi yakan ƙara taka totur, ribar ta tafi. Sahihin gwaji shi ne a cika tanki, a rubuta kilomita, a sake cikawa a lissafa.

Illa ga lafiya

A watan Yuni na 2012, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa cutar, musamman dajin huhu. Ƙwayoyin suna da ƙanƙantar da ke ba su damar shiga can cikin huhu, suna kuma tsananta asma da ciwon zuciya. A unguwa mai cunkoso irin Damilu, masu shaƙar hayaƙin su ne yara 'yan makaranta, masu talla a bakin titi, direbobin keke Napep da ke bin bayan motar, da yaran gareji. Lokacin hunturu hayaƙin na haɗuwa da ƙurar hazo.

Matsayin doka

A Birtaniya, tun watan Fabrairu na 2014, motar da aka cire wa matata ba ta cin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, kuma tarar hawa da ita titi na iya kaiwa fam 1,000 ga ƙaramar mota, fam 2,500 ga ta ɗaukar kaya. A Najeriya, hukumar NESREA mai tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, wadda aka kafa a 2007, tana da dokar 2011 kan hayaƙin ababen hawa masu amfani da fetur da dizal.

Kafin a kai ga yanka

Idan wutar gargaɗi ta kama, tafiyar minti 20 zuwa 30 da gudu madaidaici a buɗaɗɗiyar hanya, kamar ta Yola zuwa Numan, takan wadatar. Idan ba ta mutu ba, bakanike mai na'urar bincike zai iya umartar motar ta ƙone kunkunniyar a tsaye, ko ya kwance matatar a wanke tokar. Wajibi ne a gano musabbabin toshewar, domin nozul ɗin da ta lalace za ta ci gaba da ɓarnar mai ko da an cire matatar.

Mai shirin sayen motar dizal ta hannu ya sa yatsa cikin bakin salansa bayan ta huce. Idan samfurin mai matata ne amma yatsa ya fito baƙi ƙirin, alama ce cewa an cire matatar ko ta fashe.