Wasan Kara: Mulkin Wasa da Darasinsa a Damagaram da Damargu

Tun kafin akwatin zaɓe ya iso ƙasar Hausa, samari suna da hanyar gwada mulki ba tare da sun hau karaga ba. Wannan hanya ita ce wasan kara, wanda ya fi shahara a ƙasar Damagaram. Lokacinsa kaka ne, bayan an girbe gero, kara ya yawaita a gonaki. Da shi ake ƙera dawaki da takubba da bindigogi. Sai samari su naɗa ɗayansu sarki, wani galadima, wani alƙali, su kafa fada sukutum, a kawo ƙara, a yanke hukunci, jama'a na kallo suna dariya.

Damargu, wato gundumomin Tanut da Belbeji na yau, ƙasar gero ce. A ƙarni na 19 nan ne ayarin Kel Ewey, masu zirga-zirga tsakanin Agadas da Kano, suke sayen hatsi. Manomin yankin ya rayu tsakanin ikon Abzinawa da na sarakunan Damagaram, saboda haka sanin halin mai mulki ya zame masa dole. A 1899 Faransawa suka kama Zinder, ayarin Foureau da Lamy kuma ya ratsa Damargu. Sababbin masu iko suka bayyana: komanda, tafinta, gardi. Kwaikwayonsu ba abin wasa ba ne a idon Nasara. Shaida ita ce ƴan Hauka na ƙasar Filinge, waɗanda wajen 1925 suka riƙa kwaikwayon hafsoshin Faransa cikin bori, hukuma ta kama su ta tsare.

Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya hana jam'iyyu, ya farfaɗo da samariya a birane da ƙauyuka. A wannan zamani wasan kara ya shiga gari da ƙarfinsa: wannan ya fito a matsayin shugaban ƙasa, wancan minista, wani furufe, kowa da irin tafiyar ubangidansa da muryarsa. Inoussa Ousseini ya ɗauki wasan a fim a 1980. Sai dai Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wasan da hukuma ta rungume, da wuya kaifinsa ya tsaya yadda yake.

Duk da haka wasan ya koyar da abu biyu. Na farko, mai mulki ana kallonsa, har tarinsa an haddace. Na biyu, sarauta aro ce: in an tashi, sarkin kara ya tuɓe rawani ya koma gida. Abin da bai koyar ba shi ne ƙuri'a. Wannan darasi ya zo da Taron Ƙasa na 1991, da zaɓen 1993 da ya ba Mahamane Ousmane, ɗan Zinder, shugabanci, sannan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004. Makarantu ma suka samu nasu salon, gwamnatin ɗalibai: yara su tsaya takara, su yi kamfe, su jefa ƙuri'a a asirce, a ƙirga gaban kowa, wanda ya faɗi ya miƙa hannu ga wanda ya ci.

Zaɓen shugaban ƙasa na ƙarshe an kammala shi a Fabrairun 2021. Soja sun karɓi mulki ranar 26 ga Yulin 2023, aka rushe majalisun ƙananan hukumomi a 2024, jam'iyyu kuma a 2025. Ke nan yaron da ya shiga lakwal a Tanut bayan 2021 bai taɓa ganin layin zaɓe da wayonsa ba. Nauyi ya koma kan malamai da ƙungiyoyin al'adu: su haɗa kara da akwati a filin makaranta, domin yaro ya koyi zaɓen sarkinsa, ya kuma ga ranar da sarkin zai tuɓe rawani.