Kwabo 50 da ya girgiza Samaru

 Ga rubutun shirin wannan mako, saboda waɗanda data ta hana su saurare.

Yau Zariya za mu je, Jami'ar Ahmadu Bello. Ba zan bi tarihinta shugaba bayan shugaba ba, farantin abinci zan bi. Ina ganin duk wanda ya gane yadda abincin ɗalibi ya tashi daga hannun gwamnati ya koma kan rishonsa a ɗaki, ya gane rabin abin da ya samu jami'o'inmu.

An buɗe jami'ar a ranar 4 ga Oktoba, 1962, Sardauna ne uban jami'a na farko, wani Bature ɗan ƙasar New Zealand, Norman Alexander, shi ne shugabanta na farko. A 1966 Dokta Ishaya Audu ya karɓa, ya riƙe har 1975. A wancan zamani Arewa na neman ma'aikata ruwa a jallo: likitoci, injiniyoyi, alƙalai, malaman gona. Saboda haka ba a ɗauki ɗalibi a matsayin mai sayen ilimi ba, an ɗauke shi jari ne da ake renonsa. Gado a hostal, kafteriya safe da rana da dare da tikitin abinci mai rahusa, ga tallafin karatu daga jiha. Idan ka zauna da dattijon da ya yi Samaru a shekarun 1970, kafin ya ba ka labarin lacca sai ya ba ka labarin kazar ranar Lahadi. Muna yi musu dariya, amma ku lura da abin da wannan farantin ke nufi: ɗan manomi daga Gumel ko Zuru ko Biu, wanda ubansa bai taɓa riƙe naira ɗari a dunƙule ba, yana iya gama digiri ba tare da an sayar da gona ba.

Sai kuɗin mai ya shigo, gwamnati ta buɗe hannu. A 1975 tarayya ta karɓe jami'o'in jihohi, har da ta Zariya, ta kuma kafa sababbi bakwai, ciki har da na Kano, Sakkwato, Maiduguri da Jos. A 1976 aka fara shirin firamare kyauta. Bayan shekara biyu kacal kuɗin ya fara ja da baya, gwamnatin Janar Obasanjo ta koma wa'azin tsuke bakin aljihu. To, daga ina za a fara tsukewa? Daga kwanon ɗalibi.

A 1978 hukumar kula da jami'o'i, wadda Dokta Jibril Aminu ke sakatarenta, ta sanar cewa karatu zai ci gaba da zama kyauta, amma kuɗin ɗaki zai koma naira 90 a shekara, abinci kuma zai tashi daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2 a rana. Ƙarin kwabo 50 ke nan. Na sha jin matasa suna cewa, wai mutane suka mutu a kan kwabo 50? Wannan magana tana ba ni haushi. Na farko, a lokacin naira ta fi dalar Amurka daraja. Na biyu, yi lissafi da kanka: kwabo 50 a kan naira ɗaya da rabi, kashi ɗaya cikin uku ne aka ƙara dare ɗaya. Na uku kuma, wanda ya fi muhimmanci, ɗaliban sun hango inda aka dosa. Sun gane cewa idan aka karɓi ƙa'idar cewa duk lokacin da baitulmali ya yi tari ɗalibi ne zai sha magani, to ba za a tsaya a kwabo 50 ba.

Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, a ƙarƙashin Segun Okeowo na Jami'ar Legas, ta yi ta zama da hukuma ba a daidaita ba, sai ta kira ƙaurace wa azuzuwa a watan Afrilu. Kwamishinan ilimi na tarayya a lokacin shi ne Kanar Ahmadu Ali, likitan soja, wanda ya fara shugabantar hukumar yi wa ƙasa hidima. Daga sunansa taken ya fito, Ali Must Go, wato dole Ali ya tafi. A ranar 18 ga Afrilu 'yan sanda suka harbe wani ɗalibi, Akintunde Ojo, a Legas. Labari ya iso Samaru, ɗalibai suka fito, aka turo musu sojoji, aka buɗe wuta. A Zariya aka fi zubar da jini a wannan rikici.

Abin da ya biyo baya shi ne salon da za mu yi ta gani. Aka rufe jami'o'i, aka haramta NUNS, aka kafa kwamitin bincike, aka kori wasu ɗalibai da malamai. Shugabannin jami'o'in Zariya da Legas, Farfesa Iya Abubakar da Farfesa Ade Ajayi, suka bar kujerunsu. Ƙarin kuɗin kuwa bai koma ba. A 1980 ɗalibai suka sake haɗa kai da sabon suna, NANS. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta janye tallafin abincin ɗungurungum. Daga nan risho da tukunya suka shiga hostal, masu sayar da abinci suka kafa rumfuna, garin kwaki ya zama abokin karatu. Duk wanda ya taɓa jiƙa gari a daren jarrabawa, ya sani yana cin gadon wannan shekara ne.

Yanzu bari mu bar kafteriya mu shiga aji, don ba za ka gane ƙarfin halin ɗaliban nan ba sai ka san abin da ake koya musu. Sashen tarihi na Zariya ya yi suna tun zamanin Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta, wanda ya kafa gidan adana tarihi na Arewa House a Kaduna a 1970. Shi da ɗalibansa suka dage cewa a rubuta tarihinmu daga takardunmu na Larabci da ajami da bakin dattawanmu, ba daga rahoton Razdan kaɗai ba. Daga cikin ɗaliban akwai Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan sarautar Katsina da ya zaɓi ɓangaren talaka, da Dokta Mahmud Tukur, wanda ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i. A sashen nazarin halayyar al'umma akwai Patrick Wilmot, ɗan Jamaika, mai zafin adawa da mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu. Mutanen nan ba sa barin ɗalibi ya haddace takarda ya wuce. Za su tambaye ka, wa ya mallaki ƙasar noma a garinku? Kuɗin gyaɗa ina ya tafi? Wa ke cin riba idan Musulmi da Kirista suka kaure? Muhawarar ba ta ƙarewa a aji, tana bin ɗalibai har ɗakunan Suleiman da Ribadu da Ɗanfodiyo. Kuma ba masu ra'ayin gurguzu kaɗai ba ne a fili, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ma tana da ƙarfi sosai, ana gwabzawa da hujja, wani lokaci har abin ya wuce hujja. Ba na cewa zamanin mala'iku ne. Akwai tsageranci, akwai masu bin yarima a sha kiɗa. Amma ɗalibi ya yarda cewa maganar ƙasa maganarsa ce.

Wannan ne ya kawo mu 1986. A watan Afrilu ɗaliban Samaru suka yi jerin gwano don tunawa da waɗanda aka kashe shekara takwas baya. Jerin gwanon ya ratsa ta Amina, hostal ɗin mata, inda doka ta hana maza shiga. Hukumar jami'a, a ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi, ta hukunta shugabannin ƙungiyar ɗalibai, da kora da dakatarwa. Ɗalibai suka ce ba su yarda ba, taken ya koma kan Ango. Aka kira 'yan sandan kwantar da tarzoma, a ranar 23 ga Mayu suka shiga harabar suka yi harbi. Hukuma ta ce mutum huɗu ne suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka nesa. Ku tsaya ku dubi abin da kyau: an fito tunawa da matattu, aka ƙara yawan waɗanda za a tuna. Kuma ministan ilimi na wannan lokaci, a gwamnatin Janar Babangida, shi ne Jibril Aminu, mutumin da ya sanar da ƙarin 1978.

Wuta ta kama a sauran jami'o'i, aka rufe da dama. Ƙungiyar ƙwadago ta sa ranar 4 ga Yuni don zanga-zangar nuna goyon baya, aka kame shugabanninta kafin ranar. Gwamnati ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye. Ango ya sauka, amma abin da aka fi tunawa daga rahoton shi ne zargin cewa wasu malamai suna koyar da abin da ba a biya su su koyar ba. A ganina wannan jimla ta fi harsashi illa mai ɗorewa. Ma'anarta, laifin ba na wanda ya ba da umarnin harbi ba ne, na wanda ya koya wa yaro yin tambaya ne. Kuma an bi maganar da aiki. A 1988 jami'an tsaro suka ɗauke Wilmot suka sa shi a jirgi zuwa Landan. A shekarar aka haramta ƙungiyar malaman jami'o'i. A 1989 aka sallami Bala Usman bisa zargin shiga siyasa, sai da kotu ta mayar da shi. Ga shirin SAP ya karya darajar naira, albashin farfesa ya daina kai shi ƙarshen wata, ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ya daina samun sababbin littattafai da mujallun waje kamar da, ƙwararru suka yi ta ficewa. Zuwa 1995 abin ya kai ga an naɗa soja, Manjo Janar Mamman Kontagora, ya riƙe jami'ar shi kaɗai a matsayin kantoma.

Akwai wani abu da nake yawan juyawa a raina. Jerin waɗanda suka yi Zariya a zamanin tikitin abinci ya ƙunshi Umaru Musa 'Yar'aduwa, Namadi Sambo, Nasiru El-Rufa'i, Sanusi Lamiɗo Sanusi, da gwamnoni da ministoci birjik. Shi kansa Ali bai tafi ko'ina ba, a 2005 ya zama shugaban jam'iyyar PDP ta ƙasa. Tsarar da ƙasa ta ciyar da cokali, ita ce ta riƙe mulki a shekarun da aka yi ta gaya mana gwamnati ba za ta iya ɗaukar nauyin ilimi ita kaɗai ba. Na san akwai hujja a ɓangarensu: ɗalibai sun ninka sau da yawa, abin da aka yi wa 'yan dubbai ba zai yiwu a yi wa miliyoyi a sauƙaƙe ba. Na yarda da lissafin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yanke hukuncin babu ɗalibi a teburin, kuma tun 1986 ake ta aikin tabbatar da cewa ba ya wurin. An raunana ƙungiyoyin, an saye wasu, har NANS ta zama abin da kuke gani yau, ɓangare-ɓangare, kowa da uban gidansa, ana raba lambar yabo ga 'yan siyasa a otal.

Mu 'yan zamanin yajin aiki mun ga sakamakon. A 2020 wata tara ana zaune a gida, a 2022 wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. A 2023 jami'o'in tarayya da dama suka ninka kuɗin rajista, a Arewa muka ga ana bin masu hali da 'yan majalisa da takardar roƙo don kada yara su ajiye karatu. Amsar gwamnati ita ce asusun bashin karatu, NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024: a biya maka rajista, a ba ka ɗan abin kashewa duk wata, ka biya bayan ka gama yi wa ƙasa hidima da shekara biyu. A 1978 ana jayayya ne a kan nawa ɗalibi zai ƙara a kan abincin da gwamnati ta dafa. Yau bashi yake ci ya sayi taliyar da zai dafa da kansa.

A shiri na gaba za mu tsallaka Kano, mu ga yadda Kwalejin Abdullahi Bayero ta balle daga Zariya ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1977. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa suka yi Samaru ko Kongo a shekarun nan, ya tambaye su inda suke ranar 23 ga Mayu, ya rubuto mana.