Bakin Waya: Tarihin Masu Ɗaura Eriya Daga Gusau Zuwa Tsafe

Ina ɗan shekara goma sha biyu kawuna ya fara ɗora ni kan kwanon gidajen mutane a Gusau, shi yana ƙasa gaban talabijin, ni ina sama ina murɗa turke. Yakan ɗaga murya ta taga ya ce, "Ƙara kaɗan, yaro! Tsaya nan!" Haka na shiga wannan sana'a da har yau ban ga wanda ya rubuta tarihinta ba.

Da rediyo aka faro. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Kaduna kuma ta kafa nata gidan rediyo da talabijin a 1962, mutanenmu suka koyi ɗaure siririyar waya daga akwatin rediyo zuwa reshen darbejiya don murya ta fito fes. Wannan ba ya buƙatar gwani. Talabijin ce ta haifar da sana'ar, musamman bayan kafa NTA a 1977. Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, don sai 1 ga Oktoban 1996 aka yanke Zamfara. Hoto da ƙyar yake isowa, ga duwatsun Tsafe da na Kwatarkwashi suna tare hanya. Dole a haɗa bututun ƙarfe biyu ko uku, a ɗaure da waya ta kusurwa huɗu saboda iskar farkon damina, a kafa eriya mai haƙarƙari a ƙololuwa. Wasu Japanawa biyu, Yagi da Uda, suka ƙirƙiro ta a 1926, amma mu ƙashin kifi kawai take tuna mana.

Abin da ya raba gwani da ɗan koyo shi ne bakin waya, wurin da take shiga eriya. Wayar nan hawa huɗu ce: zuciyar jan ƙarfe a tsakiya, farar roba, sai raga ta siraran wayoyi kamar gashi, sannan baƙar riga. Kawu yakan fere ta da reza a hankali kamar mai fiƙe alƙalami, ya tattare ragar baya, ya ɗaga ta sama ya duba da hasken rana. Sili ɗaya tak in ya taɓa zuciyar, hoto ya tafi. Na tuna wani gida a Bungudu da maigidan ya sayi busta har biyu, yana shirin sayar da talabijin ɗinsa a kan ta lalace. Da muka sauko da turken, sai ga ruwan sama ya bi ta bakin wayar, jan ƙarfen ya yi kore shar. Muka yanke taƙi biyu, muka sake haɗawa, muka lanƙwasa wayar ƙasa don ruwa ya riƙa ɗiga waje, muka naɗe da salatif. Ko awa ba mu yi ba.

Daga baya farantin tauraron ɗan'adam ya zo, sannan StarTimes a 2010, Arewa24 a 2014, dogayen turaka suka fara kwanciya. Matsalar bakin waya dai tana inda take, har ta ƙaru, domin yanzu dikoda tana tura wuta bolt 13 ko 18 ta cikin wayar zuwa kan faranti.

Kwanan baya ɗan ƙanwata mai karatun injiniyan lantarki ya nuna mini eriyar da yake zanawa a kwamfuta, manhajar tana gwada ta kafin a ƙera. Kwana uku tana ba shi sakamakon banza. Na ce ya buɗe mini mahaɗar. Ashe a zanensa zuciyar ta manne da ragar, faɗin robar kuma bai dace da om 50 da ya gaya wa manhajar ba. Tamu ta talabijin om 75 ce, amma ciwon iri ɗaya ne, kuma raina ya yi fari da na gane shi.

Ina roƙon malaman kwalejojin kimiyya na Ƙaura Namoda da Talatar Mafara su nemi tsofaffin masu ɗaura eriya da suka rage a Gusau, su zauna da ɗalibai ko da sau ɗaya ne a zango, tun suna da ƙarfin riƙe reza.