Yadda ake karɓo kuɗin yawon buɗe ido idan yaro ya bar makaranta kafin ranar tafiya

Da yawa daga cikinmu mazauna Kurmi, ko a Agege ne ko Mil 12 a Legas, ko Sabon Ibadan, ko Lokpanta a jihar Abiya, muna da yaran da ke karatun sakandare a gida wurin 'yan uwa. Kuɗin makaranta daga nan ake turawa, haka ma kuɗin yawon buɗe ido, wanda ɗalibai ke kira eskoshan. To sai wani dalili ya taso, a cire yaro daga makarantar kafin ranar tafiya. Shin kuɗin nan sun tafi ke nan? Amsa a taƙaice: a'a. Yawanci ana iya karɓo su, ko duka ko wani kaso, amma ya danganta da lokacin da ka sanar da kuma shaidar da ke hannunka. Mun ɗauki Shadawanka a garin Bauchi ne a matsayin misali, amma bayanin zai yi aiki a sauran garuruwa.

Me ya sa Shadawanka?

Barikin Shadawanka nan ne hedikwatar birget ta 33 ta sojojin atilare. Aikin soja kuwa kowa ya sani, yau kana Bauchi, gobe takarda ta fito an mayar da kai wata jiha. Iyali su tattara kaya a tsakiyar zango, yaro ya bar ajinsa. Ban da 'ya'yan sojoji, akwai yaran farar hula na unguwannin kewaye, cikinsu har da waɗanda iyayensu ke Kudu suna fatauci. Su kuma nasu dalilan daban ne: kasuwa ta juya wa uba baya, ko ya kira yaron ya zo ya kama masa aiki a kara, ko mai riƙon yaron ya rasu, ko rashin lafiya, ko an sa wa yarinya ranar aure.

Shekarar karatu zango uku ce: Satumba zuwa Disamba, Janairu zuwa wajen Afrilu, sannan na ƙarshe ya ƙare a Yuli. Makarantun Bauchi sun fi son kai ɗalibai Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri, tafiyar kimanin kilomita 110 daga garin Bauchi, inda ake ganin giwaye da gwaggon biri, a kuma yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Da rani aka fi ganin dabbobi, saboda suna taruwa a bakin kogin Gaji, shi ya sa tafiyar kan faɗo a zango na biyu. Wasu makarantun Sumu suke zuwa a ƙaramar hukumar Ganjuwa, wasu gidan tarihi na Jos, wasu kuma a cikin gari suke tsayawa, a hubbaren Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kuɗin kuwa tun makonni kafin tafiya ake fara karɓa. Tsakanin ranar biya da ranar tafiyar nan ne matsalar ke aukuwa.

Ina kuɗin suke shiga?

Kafin ka nemi a mayar maka, ka san yadda aka kasa kuɗin, don a nan hujjarka take. Kuɗin eskoshan kashi biyu ne.

Akwai na kowane kai: kuɗin shiga a ƙofa, abinci da ruwa, wurin kwana idan za a kwana. Waɗannan ba a biyansu sai ga wanda ya je. Idan yaronka bai shiga Yankari ba, babu wanda ya yanka masa tikiti a ƙofa, saboda haka kasonsa yana nan a hannun makaranta.

Akwai kuma na tarayya: hayar mota, mai, kuɗin jagora, wani lokaci da masu rakiya. Bas mai kujera 18 kuɗinta ɗaya ne, ko ta cika ko kujera ɗaya babu kowa. Duk wanda ya taɓa haɗa kuɗin tirela da wasu don ɗauko shanu daga Potiskum ko Maigatari ya san wannan. Idan an gama ciniki da direba, an ba shi kafin alƙalami, sannan ka janye shanunka daren lodi, abokan lodinka ba za su yarda su ɗauki kasonka ba. Amma idan ka faɗa da wuri har aka samu wani ya cike gurbin, babu wanda ya yi asara, kuma babu dalilin riƙe maka ko kwabo.

Ga misali don a gane lissafin, ba wai farashin wata makaranta ba ne. A ce an karɓi N25,000: mota N10,000, shiga da jagora N5,000, abinci N5,000, riga mai tambarin makaranta N3,000, sauran hidima N2,000. Idan ka sanar tun ba a yi cinikin mota ba, kana da hujjar neman N25,000 ɗinka. Idan an riga an biya mota an buga riga, to N12,000 ne ba a taɓa ba, kuma rigar taka ce, a ba ka ita. Idan wani ɗalibi ya hau kujerar yaronka ya biya nasa, N10,000 na mota ma su dawo, don ba a sayar da kujera ɗaya sau biyu.

Abin da doka ta ce

Akwai dokar tarayya ta kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 120 na dokar ya ba mutum damar soke duk abin da ya biya kuɗinsa tun kafin lokaci, kaya ne ko hidima. Wanda ya karɓi kuɗin yana iya cire wani abu na sokewa, amma daidai misali. Wajen auna wannan ana duba irin hidimar, da tsawon sanarwar da ka bayar, da ko ana iya samun wani ya maye gurbin. Dokar ta kuma hana a cire komai idan abin da ya hana zuwan shi ne rasuwa ko kwanciya a asibiti ta wanda aka biya dominsa.

To ina batun rubutun nan da ake sa wa a ƙasan rasit, wai kuɗi in sun shiga ba sa fita? An taɓa gwada shi a kotu. Wani lauya ya sayi tikitin N500 a tashar Peace Mass Transit a 2021, mota ta daɗe ba ta tashi ba, ya nemi kuɗinsa aka hana shi. A watan Afrilun 2022 babbar kotun jihar Inugu ta ce wannan ƙa'ida ta saɓa wa dokar, ta kuma umarci kamfanin ya biya shi diyyar N500,000. Shari'ar ta mota ce, ba ta makaranta ba, amma darasin a fili yake: rubutu a rasit bai fi doka ƙarfi ba.

Wannan doka ta fi kama makarantun kuɗi, tunda su hidima suke sayarwa. A makarantar gwamnati kuwa hanyar ta ma'aikata ce, za mu zo kanta a ƙasa.

Yanayi huɗu da aka fi samu

Na ɗaya, kai ka cire yaron kuma ka sanar da wuri. Nan ka fi ƙarfi, ka nemi duka.

Na biyu, yaro ya daina zuwa kawai, babu wanda ya faɗa wa makaranta, har ranar tafiya ta wuce. Gaskiya nan ka raunana kanka. Makaranta za ta ce ta tanadi kujerarsa da abincinsa. Abin da za ka iya nema shi ne kuɗin ƙofa da duk abin da ba a kashe a kansa ba.

Na uku, makaranta ce ta kori yaron ko ta dakatar da shi. Hukuncin laifi daban, kuɗin tafiya daban. Tunda su suka hana shi zuwa, su ya kamata su nuna maka abin da aka kashe, su mayar da saura.

Na huɗu, makaranta ce ta soke tafiyar baki ɗaya, kamar yadda aka gani a Maris na 2020 lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu. A nan sukan ce an ɗaga zuwa zango mai zuwa. Ga ɗalibin da ke nan, babu laifi. Ga wanda ya riga ya tafi, ɗagawa ba ta amfane shi da komai ba, kuɗinsa za a ba shi.

Matakan da za ka bi

1. Tattara shaida. Rasit, ko telar banki, ko alat na tiransifa, ko takardar POS, da takardar da makaranta ta aiko tana sanar da tafiyar. Idan hannu da hannu aka ba fom masta babu rasit, a nemi jerin sunayen waɗanda suka biya, don kowane malami yana riƙe da shi. Saƙon WhatsApp na rukunin iyaye ma shaida ne, ka ɗauki hotonsa kafin a cire ka daga rukunin.

2. Sanar a rubuce ranar da ka yanke shawara, kada ka jira sai an zo karɓar takardar canjin makaranta. Waya kaɗai ba ta isa ba, gobe ana iya cewa ba a yi da kai ba.

3. Wasiƙar ta tafi ga shugaban makaranta, da Turanci in da hali. Ta ƙunshi sunan yaro da ajinsa da lambarsa, ranar biya da adadin kuɗin, ranar da ya bar makaranta da dalili, roƙon a ba ka lissafin abin da aka kashe, lambar asusun da za a tura, da wa'adi, a ce mako biyu. A yi kwafi biyu, a buga hatimi a naka a sa kwanan wata.

4. Idan kana Kudu, ka wakilta mutum ɗaya, wanda makaranta ta sani a matsayin mai riƙon yaron. Ka rubuta masa takardar wakilci da lambar wayarka. Kada yau kawu ya je, gobe yaya, jibi maƙwabci. Maganar sai ta watse.

5. Haɗa komai a zama ɗaya da ma'ajin makaranta. Idan suna bin ka bashin kuɗin zango, a zauna a cire, a rubuta abin da ya rage. Idan akwai ƙanin yaron a makarantar, ana iya mayar da kuɗin kansa, amma a ba da sabon rasit da sunansa.

Abu ɗaya da za a kiyaye: kada a ba yaron kuɗin a hannu. Ɗan shekara 15 ko 16 ba shi ya biya ba, kuma an sha ganin iyaye na zargin makaranta alhali kuɗin sun daɗe da fita. Tiransifa zuwa asusun wanda ya biya ita ce mafi tsafta. Kada kuma a haɗa wannan da kuɗin WAEC ko NECO. Su da zarar an yi wa yaro rajista, kuɗin sun bar hannun makaranta.

Idan aka ƙi fa?

Fara da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, wato PTA. Sau da yawa da saninsu aka tsara tafiyar, kuma maganarsu tana da nauyi wurin shugaban makaranta. Yawancin irin wannan rigima a nan take mutuwa.

Idan makarantar kuɗi ce, bayan mai makarantar akwai ƙungiyarsu ta NAPPS, akwai kuma ma'aikatar ilimi ta jiha wadda ke ba su izinin aiki. FCCPC tana karɓar ƙorafi ta intanet, ba sai ka bar kasuwarka ba, kuma ofishinta na shiyyar Arewa maso Gabas a Bauchi yake.

Idan ta gwamnatin jiha ce, ƙorafi ya bi ta ofishin ilimi na shiyya zuwa ma'aikata. Daga nan akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana da ofis a kowace jiha, kuma kyauta take aiki. Sharaɗinta biyu: ka fara bin hanyoyin cikin gida, kuma kada ka bari abin ya wuce wata 12.

Idan makarantar cikin bariki ce ta sojoji, tana ƙarƙashin sashen ilimi na rundunar, kuma wurin yana da tsarinsa. Takarda cikin ladabi zuwa ga kwamandan makarantar ta fi ɗaga murya a bakin get amfani nesa ba kusa ba.

Kotu ita ce ta ƙarshe. Legas ta buɗe kotunan ƙananan basussuka a 2018, Kano ta bi a 2019, ana shiga ba tare da lauya ba. Amma a inda makarantar take ake kai ƙara, ba inda kake zaune ba. Ka yi lissafi tukuna: kuɗin mota daga Legas zuwa Bauchi da dawowa, da kwanakin da za ka bar kasuwa, sun kai abin da kake bi? Idan iyaye da yawa ne abin ya shafa, ku haɗu ku rubuta takarda ɗaya.

Kafin ka biya wani karon

Rigakafi ya fi magani. Kafin ka tura kuɗin eskoshan, ka yi tambaya uku: yaushe ne ranar tafiya, me da me kuɗin suka ƙunsa, kuma nawa za a mayar idan yaro bai samu zuwa ba. A ba ka amsa a rubuce, ko da saƙon waya ne. Ka tura kuɗin asusun makaranta, ba na malami ba, ka rubuta sunan yaron da ajinsa a wurin bayani. Idan kuwa ka san akwai maganar canjin wurin aiki, ko kana tunanin ɗauko yaron ya dawo wurinka, ka nemi a bar ka ka biya rabi yanzu, rabi idan tafiya ta matso.

Allah Ya yi wa yaranmu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani.