Yelwan Yauri: Gine-gine da filaye a bakin Tafkin Kainji

Yelwa, hedkwatar masarautar Yauri da ke kudancin jihar Kebbi, gari ne da ke gaɓar gabas ta Kogin Kwara, kusa da inda kogin ke buɗewa ya zama Tafkin Kainji.

Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku, wato Yauri da Ngaski da Shanga. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar Yauri na da mutane kusan dubu 100, yayin da Ngaski da Shanga kowacce ke da fiye da dubu 120.

A mafi yawan garuruwan arewacin Najeriya, ganuwa da kasuwa da fada ne suka tsara yadda gari ya faɗaɗa. A Yauri kuwa, tun daga 1968 ruwa ne ke da ta cewa kan inda za a yi gini da inda ba za a yi ba.

Asalin garin

Kafin Yelwa, sarakunan Yauri sun daɗe suna zaune a Birnin Yauri, wanda ke kewaye da ganuwa. Baturen Ingila Richard Lander da ƙanensa John sun ziyarci Yauri a 1830, suka bayyana shi a matsayin babban birni mai yawan jama'a.

A 1888 ne Sarki Abdullahi Abarshi ya mayar da fadar Yelwa, bayan shekarun yaƙin basasa. Zaman garin a bakin kogi ya mai da shi mashigar jiragen ruwa da kasuwar kifi da albasa da shinkafa.

Ginin wancan zamani na ƙasa ne: tubali da azarar giginya ga masu hali, ɗakunan taffa da jinka ga sauran jama'a. Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, suna zaune ne a tsibiran da ke tsakiyar kogi, suna noman albasa da rani a ƙasar da ruwa ya janye ya bari.

Zuwan madatsar ruwa

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa, da taimakon rancen dala miliyan 82 daga Bankin Duniya. Kamfanin Impregilo na Italiya ne ya yi aikin, aka kuma kammala shi a 1968.

Tafkin da ya samu a bayan madatsar ya kai tsawon kilomita fiye da 130, ya kuma haɗiye tsibirai da gonaki da ƙauyuka fiye da 200 a masarautun Yauri da Borgu da Kontagora. Kimanin mutane dubu 44 ne aka sauya wa matsuguni. Tsohon garin Bussa ya nutse baki ɗaya, aka gina sabo a kan tudu.

Da farko hukuma ta zaɓi ta biya diyya da tsabar kuɗi, kowa ya je ya gina gidansa. Amma aikin ya yi tafiyar hawainiya, ga shi kuma lokacin tare ruwa na ƙaratowa. Wannan ne ya sa aka sauya shawara, gwamnati ta ɗauki nauyin gina gidajen da kanta.

Shi ne aikin gina gidaje mafi girma da aka taɓa yi a lokaci guda a wannan yanki, kuma har yau ana ganin sawunsa a ƙauyukan gaɓar tafkin.

Gidajen da aka gina

Masanin zanen gine-gine Robin Atkinson, ɗan Birtaniya, shi ne ya tsara gidajen. Ya yi ƙoƙarin kwaikwayon tsarin gidan gargajiya, da zaure da tsakar gida da ɗakuna masu kusurwa huɗu da kuma masu zagaye, gwargwadon al'adar kowace ƙabila.

Sai dai kayan aikin baƙi ne. An yi bango da bulon siminti, aka rufa shi da rufin asbesto mai lanƙwasa kamar baka, saboda a yi sauri kuma a kauce wa gobara.

Nan ne matsalar ta taso. Ɗakin ƙasa yana riƙe sanyi da bazara, ya riƙe ɗumi da hunturu, kuma idan ya tsage maigida da 'ya'yansa na iya yaɓe shi da ƙasar bayan gida. Sabbin ɗakunan kuwa mazaunansu sun yi ta kukan zafi da rana da sanyi da dare, kuma gyaransu sai da kuɗi da birkila.

Haka kuma an gina gidajen ne daidai da yawan iyali a lokacin ƙidaya, alhali gidan Bahaushe ko Bakambare ko Bagunge yana girma ne da aure da haihuwa. Don haka ba a jima ba mutane suka fara ƙara ɗakunan ƙasa da rumbuna da dangar kara a jikin gidajen gwamnati, wasu kuma suka bar su suka koma kusa da ruwa, inda abincinsu yake.

Daga baya bincike ya tabbatar da cewa shaƙar ƙurar asbesto na haddasa cututtukan huhu, har ƙasashe da dama suka haramta amfani da shi. Haɗarin ya fi yawa idan rufin ya tsufa yana farfashewa, ko kuma aka zo yanka shi.

Inda ruwa ke tsayawa

Kogin Kwara na kawo cikowa sau biyu a shekara a wannan yanki. Ta farko tana zuwa ne a ƙarshen damina daga ruwan saman da ya sauka a kusa, ta biyu kuma tana isowa da hunturu daga tsaunukan Gini, bayan ta ratsa Mali da Nijar.

Tsakanin cikar tafkin da janyewarsa akwai bambancin mita da dama. Filin da ya bushe ƙayau a wata guda na iya zama ƙarƙashin ruwa bayan 'yan watanni, kuma shi ne filin da ya fi sauƙin kuɗi, ya fi kuma kusa da kasuwa da kwalekwale.

Ambaliyar 2012 da ta 2020 sun rusa gidaje da gonaki a sassan jihar Kebbi da ke bakin kogi. Tun a 2010 aka yi dokar kafa hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki daga ruwa, wato HYPPADEC, amma sai bayan kusan shekaru goma ta fara aiki, da hedkwata a Minna.

Filaye da doka

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha, shi ne kuma ke ba da takardar shaidar mallaka. Filayen karkara na ƙarƙashin ƙananan hukumomi.

A aikace kuwa, kamar a sauran garuruwan arewa, ciniki da yawa na ƙarewa ne tsakanin mai gona da mai saye da dillali, da shaidar mai unguwa ko dagaci. Gonar gado da ke bakin gari sai a yanka ta fuloti-fuloti, a bar lungu ƙanƙani, ba tare da an ware wurin magudanar ruwa ko makaranta ko maƙabarta ba.

Irin wannan takarda ta wadatar a tsakanin maƙwabta, amma banki ba ya karɓar ta jingina, kuma ba ta da ƙarfi sosai ranar da gwamnati ta zo biyan diyya.

Abin da ke tura garin gaba

Ƙirƙiro jihar Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato a 1991 ya ƙara yawan ofisoshi da ma'aikata masu neman haya. Babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta ratsa Yelwa zuwa Koko da Jega ta jawo shaguna da gidajen mai da rumbunan ajiya a gefenta.

Haƙar zinariya ta gargajiya da noman shinkafa sun shigo da kuɗi, kuma kamar yadda aka saba, wanda ya samu rara fili yake fara saya.

Matsalar tsaro ma ta taka rawa. Harin da 'yan bindiga suka kai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, inda suka sace ɗalibai da malamai, ya nuna yadda lamarin ya kai, kuma hare-hare a ƙauyuka sun sa iyalai da dama komawa manyan garuruwa.

A ɗaya ɓangaren, tsadar kayan gini na jan ƙafar masu son mallakar muhalli. A farkon 2024 farashin buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da dama na Najeriya. Shi ya sa akasarin gidaje ake gina su sannu a hankali: harsashi bana, bulo baɗi, kwano kuma sai an sayar da amfanin gona.

Mutanen da aka tasa a 1968 an ƙidaya su, an kuma gina masu gidaje kafin ruwa ya iso. Masu shigowa Yelwa a yau kuwa kowa shi ke nemar wa kansa fili, kuma wanda kuɗinsa ya fi ƙaranci shi ne ke ƙarewa a mafi kusa da bakin ruwa.