Cholamandal: Ƙauyen Da Masu Zane Suka Gina Da Guminsu

A ƙasar Indiya, a bakin teku kudu da birnin Madras, wanda aka sauya wa suna zuwa Chennai a 1996, akwai wani ƙauye da tarihinsa ya cancanci 'yan uwa mazauna birane su sani. Sunansa Cholamandal, wato ƙasar Chola, don tunawa da sarakunan da suka mulki yankin a zamanin da.

Wanda ya assasa shi, K.C.S. Paniker, shi ne shugaban kwalejin koyon zane da sana'o'in hannu ta Madras. Abin da ya dame shi kuwa shi ne yadda ɗalibansa masu basira kan kammala karatu, sai neman abin sakawa a baka ya raba su da zane, domin a wancan lokaci masu sayen zanen zamani ba su taka kara sun karya ba. Sai ya ba su shawarar su kafa ƙungiya, su riƙa yin kayan da kasuwa ke so, musamman yadin da ake yi wa ado da kaki kafin a rina shi, da kayan ƙarfe da na yumɓu. Da cinikin waɗannan kaya ne mutum sama da 30 suka sayi fili a Injambakkam, suka fara tarewa a 1966, lokacin wurin yashi ne kawai da itatuwa.

Tsarin zamansu shi ne ƙashin bayan nasararsu. Kowane mamba ya biya kuɗin fulotinsa, ya gina gida da ɗakin aikinsa daidai ƙarfinsa. Zauren baje koli, da masaukin baƙi, da dandalin wasanni kuwa mallakar kowa ne, kuma shugabannin da mambobi suka zaɓa a tsakaninsu ne ke kula da su. Idan aka sayar da aikin mutum a zauren, ƙungiya kan cire wani kaso don hidimar ƙauye, sauran ya shiga aljihun mai shi. Ta haka mai zane kan ba sana'ar kasuwa wani ɓangare na yininsa, ragowar ya fuskanci zanen da ransa ke so, ba tare da jiran albashin kowa ba.

Paniker ya rasu a 1977, amma ƙauyen bai watse ba. A 2009 ma sun buɗe gidan adana ayyukan magabatansu. Sai dai birni ya bunƙasa har ya haɗiye ƙauyen, fili ya yi tsada, da yawa daga cikin waɗanda suka kafa shi sun kwanta dama, kuma ba kowane magaji ne ya gaji sana'ar ba.

Ke nan tara kuɗi da sayen fili rabin aiki ne. Duk ƙungiyar da ke son ta daɗe, wajibi ne tun da sauran ƙarfi ta tanadi waɗanda za ta miƙa wa ragama.