Asalin Kokawar Mutanen Sin

Mutanen Sin suna cewa kokawarsu daga ƙaho ta fara. Wai a zamanin da can, shekaru dubu huɗu da ɗoriya da suka wuce, an yi wani sarkin yaƙi ana ce da shi Chi You, wanda ya ja daga da babban sarkinsu Huangdi a wani fili mai suna Zhuolu. Mayaƙan Chi You kwalkwali mai ƙaho suke sawa, in an haɗu gaba da gaba sai su tunkuyi mutum. An ci su da yaƙi, amma ƙauyawa ba su manta ba, har suka mai da abin wasa: samari su ɗaura ƙaho a ka, su yi ta tunkuyin juna a dandali. Wasan nan shi ake kira jiao di.

Wannan dai labarin kunne ya girmi kaka ne. Abin da yake a rubuce shi ne, a zamanin daular Zhou, wadda ta fara wajen shekara ta 1046 kafin haihuwar Annabi Isa, sarki kan umarci sarakunan yaƙinsa da farkon hunturu su horar da dakaru harbin baka da tuƙin keken doki da kokawa. Daga sansanin yaƙi ta shiga fada. A shekara ta 108 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Wu na daular Han ya shirya babban wasa, mutane suka yi tattaki daga nisan fiye da kilomita 100 don kallo. A zamanin daular Song har mata sun shiga fili, abin da ya sa malamin tarihi Sima Guang ya rubuta wa sarki takardar ƙorafi a 1062.

Amma kokawar da ake koyarwa yau, wadda ake kira shuai jiao, a fadar Manchu ta nuna. Sarki Kangxi ya hau gado a 1661 tun bai cika shekara bakwai ba, aka naɗa manya huɗu su riƙe masa ƙasa. Ɗaya daga cikinsu, wani tsohon barde mai suna Oboi, ya danne sauran, ya zama sai abin da ya ce. Kangxi ya ga ba shi da rundunar da zai tunkare shi da ita. Sai ya tara samari a fada, kullum suna ta kokawa a gabansa. Oboi yana wucewa yana ganinsu, ya ɗauka ƙuruciya ce kawai ke ɗibar sarki. Ran nan a 1669 aka kira shi fada, yana shiga samarin nan suka yi masa ca, suka kai shi ƙasa, suka ɗaure. A kurkuku ya mutu.

Daga nan 'yan kokawa suka sami gindin zama. Aka yi musu runduna tasu, Shanpuying, mai ɓangaren hagu da na dama. Su ne ke rakiyar sarki, su ne kuma ke karawa da gwanayen Mongol in an yi liyafa. Mutum ba shi da wata sana'a sai horo, safe da yamma, shi ya sa dabarun suka gogu ƙwarai.

Da sarauta ta faɗi a 1912, albashi ya yanke. Gwanayen fada suka fito neman abinci, wasu suka share fili a kasuwar Tianqiao ta birnin Bejin suna wasa ana jefa musu kuɗi, wasu suka ɗauki almajirai. Ta haka ilimin da ke ɓoye a bayan ganuwa ya faɗo hannun talakawa. Bejin da Tianjin da Baoding kowanne ya fitar da salonsa. Na Baoding an san shi da sauri, ana kamawa ana kayarwa, kuma da yawa daga manyan malamansa Musulmi ne 'yan ƙabilar Hui. A cikinsu akwai Chang Dongsheng, wanda aka haifa a 1908, ya zama zakaran ƙasa a gasar Nanjing ta 1933, daga baya ya koma Taiwan yana koyar da 'yan sanda, ya rasu a 1986. Mutanen Xinzhou a lardin Shanxi kuwa nasu daban ne: ba riga, kama ƙafa suka fi ƙwarewa a kai, kuma duk wanda ya kayar da mutum shida a jere, rago ake ba shi ya saɓa ya tafi gida.

To, sabon shiga da me yake farawa? Da rigar nan da ake kira dalian, mai gajeren hannu, wadda aka ɗinka da ƙyalle mai kauri ninki-ninki don ta jure fizga. Sai ɗamara, dogon wando da takalmi mai laushi. Ƙa'idar ba ta da wuyar ganewa ga wanda ya saba kallon kokawar gargajiya: a tsaye ake yin ta, da zarar hannu ko gwiwa ko wani sashen jiki ban da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, an ci mutum. Ba a bin wanda ya faɗi a danne shi. Wanda ya kayar ya tsaya cak da ƙafafunsa ya fi samun maki a kan wanda ya bi abokin karawarsa suka zube tare.

Darasin farko faɗuwa ce. Ɗan koyo zai koyi sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji, ya dunƙule jiki, kada ya kuskura ya tokare ƙasa da hannu, don ta nan ake samun karaya da gocewar ƙashi. Bayan nan sai tsayuwa da taku, da maimaita taɗiya da harɗiya shi kaɗai, ba abokin karawa, ɗaruruwa a rana. Kayan horon ma na gado ne: igiyar fata da ake fizgewa har ta yi ƙara, doguwar sanda da gajera da ake murɗawa don ƙarfin riƙo, tubali a kowane hannu, da wani dutse mai mariƙi kamar kwaɗo da ake cillawa a cafe. Nan ne masu gaggawa ke gudu, kuma nan ne aikin yake. Malaman suna alfahari da cewa shekara ɗaya a kokawa ta fi uku a koyon naushi, amma shekarar ta wanda ke zuwa kullum ce.

Sai jiki ya yi ƙwari ake barin mutum ya shiga neman kamu, wato ya riga abokinsa cafke wuyan riga ko hannunta ko ɗamara, ya kuma koyi ɓamɓare hannun da ya kama shi. Mai karatu da ya sami wurin koyo, a Sin ko a wata ƙasa, ya lura da malamin tun ranar farko: in ya tura shi karawa bai koya masa faɗuwa ba, ya nemi wani.